Manajan aikin gini ɗan kwangila ne a dokar amana ta Kanada?

Tambaya: Malam, ƙanena yana aikin kula da gine-gine a birnin Bankuba (Vancouver) na Kanada, kuma kuɗin masu gini suna bi ta hannunsa. Shin dokar amanar kuɗin gini ta can tana ɗaukarsa ɗan kwangila? Daga mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Alhaji, sunan muƙamin ba ya yanke hukunci, abin da kotu take dubawa shi ne yarjejeniya da yadda aikin ya gudana. Dokar haƙƙin magina ta lardin Biritish Kolombiya, inda Bankuba take, ta 1997 ta ce ɗan kwangila shi ne wanda mai gini, wato mamallakin ginin, ya ɗauka domin ya yi aiki ko ya kawo kaya, sashe na 10 kuma ya mayar da kuɗin kwangilar da ya karɓa amana ga waɗanda shi ya ɗauka aiki.

Saboda haka, idan ƙanenka ne ya ƙulla yarjejeniya da birkiloli da kafintoci da sunansa, yana karɓar kuɗi dunƙule yana biyansu, to amanar ta hau kansa, kuma karkatar da kuɗin kafin a sallame su laifi ne da zai iya jawo tara ko ɗauri har na shekara 2. Idan kuwa wakili ne kawai, mai ginin ne ya ɗauki ma'aikatan da kansa, hujjar ɗora masa wannan amana ta yi rauni, ko da yake kuɗin mutane da ke hannun wakili ba nasa ba ne. Ina roƙonka ka sa shi ya kai takardar yarjejeniyarsa wurin lauya a can, ya kuma ware wa kowane aiki asusunsa na banki.