Ba daga Ingila yawancin kuɗin hanyar suka zo ba

Malam, ka tambaya wai da wane kuɗi Turawa suka yi hanyoyinmu na farko, ko daga Ingila aka turo. Gaskiya mafi yawa daga aljihun kakanninmu suka fito. Tsarin Ingila shi ne kowace ƙasa da suka kama ta ɗauki nauyin kanta, to bayan sun ci Sakkwato a 1903 kuɗin da Arewa ke tarawa ba ya isa, sai an ciko da tallafi daga Landan, kuma wannan giɓin na cikin dalilan da suka sa aka haɗe Arewa da Kudu a 1914.

Haraji da jangali su ne ginshiƙin. Dagaci ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki, a raba, wani kaso na gwamnati wani ya shiga baitulmalin En'e, wato hukumar mulkin sarki, kamar na Gwandu da Argungu da Yawuri, daga nan ake biyan albashi, abin da ya rage a yi kwalbati da gyaran hanya.

Amma abin da ke taɓa min zuciya shi ne aikin tilas, kakana Allah ya jiƙansa ya ce da rani ake ɗibarsu daga ƙauye a kan hanyar Jega, su sare daji su ɗauko tsakuwa a ka, da guzurinsu, wani ma ba a ba shi ko anini. Kuma yawancin hanyoyin na rani ne, damina na sauka fadama ta cinye su.