Yaushe ake cire babban ɗan wasa daga fili?

Ka ce min: "Maigida, ɗan wasan da ya fi kowa suna a ƙungiyata ya yi wasa uku bai taɓuka komai ba. In na cire shi magoya baya su yi min ca, in na bar shi mu sha kashi. Ya zan yi?"

To ɗana, kafin ka sa a ɗaga lambarsa, fara sanin abin da ke damunsa. Akwai wanda ƙafa ce kawai ta ƙi shi ranar: yana gudu, yana isa inda ya kamata, ƙwallo ce ke kuɓuce masa. Wannan ka ƙara masa minti 15 bayan hutun rabin lokaci. Akwai kuma wanda tsarinka ne ya kashe shi, kamar ɗan gaban da ka bari shi kaɗai tsakanin 'yan baya biyu, 'yan tsakiya suna can nesa da shi da mita 30. Ko wa ka sa a gurbinsa, haka zai bushe a wurin. Matso da ɗan tsakiya ɗaya kusa da shi tukuna.

Wanda ake cirewa ba jira shi ne wanda ya daina aiki in ƙwallo ta bar ƙafarsa. Ba za ka gane shi ba muddin idonka na bin ƙwallo kamar na ɗan kallo. Sa mataimakinka ya zuba masa ido na minti 10, ya riƙa lura da daƙiƙa biyar na farko bayan an ƙwace muku ƙwallo: ya bi, ko ya tsaya yana ɗaga hannu? In ɗan gefe ya ƙi komowa, ɗan bayan da ke ɓangarensa zai fuskanci mutum biyu, lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsaro, ya bar tsakiya ya je agaji, tsakiyar ta buɗe. Daga nan ake cin ku, 'yan kallo kuma su zagi ɗan bayan da bai ji ba bai gani ba. Gargaɗi ɗaya ta bakin kyaftin ya isa. Ya sake, tada wanda zai canje shi ya ɗumama jiki na minti takwas zuwa goma, ka ba shi umarni biyu kacal: wanda zai tsare, da inda zai tsaya in ƙwallo na hannunku.

Kada ka jira minti na 60 don haka aka saba. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022, Ajantina na gaban Faransa da ci 2-0, kocin Faransa Deschamps ya cire Giroud da Dembele a minti na 41. Wasan ya ƙare 3-3, sai a bugun fenariti Faransa ta faɗi. Amma ka iya lissafi. A dokar yanzu canji biyar ne, a tsayuwa uku, kuma na hutun rabin lokaci ba ya cikin ukun, shi ya sa ya fi arha (duba dai ƙa'idar gasar da kuke ciki). Ajiye canji ɗaya har bayan minti na 75. Mourinho, yana kocin Chelsea, ya taɓa zubar da canjinsa uku duka a hutun rabin lokaci a gidan Newcastle a 2005, lokacin uku ne iyaka, sai Wayne Bridge ya karye, Chelsea ta ci gaba da mutum goma, aka fitar da ita daga Kofin FA.

In ka ɗaga lamba, ta ɗagu. A dokar wasa, ɗan wasa in ya ƙi fita, alƙalin wasa ba zai kore shi ba, wasa zai ci gaba. Haka Kepa, mai tsaron gidan Chelsea, ya yi wa kocinsa Sarri a Wembley a 2019, duniya na kallo. An ci shi tarar albashin mako ɗaya, ya zauna a benci a wasan Tottenham da ya biyo baya, amma kunyar ta riga ta faru. Maganin wannan tun farkon kaka ake shan sa: ka kafa ƙa'idar makara da ta atisaye, ranar da babban ya karya ta ka hukunta shi daidai da ƙaramin. Yara suna kallo.

Batun benci kuwa, kada ya fara gani a takardar sunaye. Kira shi kwana ɗaya kafin wasa, ku biyu, ka nuna masa wurare uku a bidiyo, ka faɗa masa abin da zai yi a atisaye ya dawo. A gaban 'yan jarida kada ka taɓa shi. Sannan ka tabbata wanda za ka sa ya shirya da gaske. Marigayi Keshi, kocin Najeriya, ya bar Odemwingie a gida a gasar Kofin Afirka ta 2013, ya tafi da Sunday Mba mai buga gasar cikin gida, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Naka madadin, ba shi atisaye biyu cikin sha ɗayan farko kafin ranar wasa.