Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan faibroid da PCOS

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki tun jiya da daddare, kin ce shekara 4 da aure ba ko ɓatan wata, sikanin ya nuna faibroid (ƙarin da ke fitowa a mahaifa) da PCOS (matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci), wasu na cewa ki yi aiki wasu na cewa ki sha na gargajiya. Wlh na kasa wucewa don nima hanyar nan na biyo, shekarata 6 kafin Allah ya ba ni.

Ki fara raba su biyu a ranki, ba cuta ɗaya ba ce. Ni kuskuren da na yi kenan, ina jin an ce faibroid na ɗora masa komai, kusan shekara 2 ina ɗirkar jiƙe-jiƙe daga wani mai magani a nan Agege wai zai narkar da shi, kuɗi ya tafi cikina ya yi ta ciwo, da aka sake sikanin yana nan yadda yake. Sai da na samu likitan mata a LUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Legas) ta zaunar da ni ta zana min mahaifa a takarda, ta ce ba girmansa kawai ake dubawa ba, inda ya zauna shi ne magana. Wanda ya fito ta cikin mahaifa wajen da ciki zai kama, shi ne yake hana ɗauka ko ya jawo ɓari, shi ake cirewa. Nawa ta waje yake, santimita 4, ta ce a bar shi.

Ashe matsalata ƙwai ne ba ya fita. Al'adata sai ta yi wata 3 ban gan ta ba, ga gashi a haɓa ga ƙuraje ga ƙiba, duk PCOS ne. Kafin likitar ta ba ni ko ƙwaya ɗaya sai da aka yi HSG (hoton da ake duba bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa) aka ga bututun a buɗe suke, kuma ta ce sai maigida ya yi gwajin maniyyi. Nan ne aka sha daga, wata 2 ina lallashi, amma dan Allah kar ki tsallake wannan, mata da yawa suna ta shan wahala alhali matsalar na can ɗaya ɓangaren.

Ta ɗora ni kan metformin (maganin da ke taimaka wa jiki sarrafa sikari) da folic acid (bitamin ɗin da ake ba masu neman ciki), ta ce in rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyina. Kin san mu da burodin Agege da shayi mai sikari da lemun kwalba, na haƙura da su na koma wake, ƙwai, ganye da acca, kullum bayan la'asar in taka na rabin awa. Na sauke kilo 7. Sannan aka fara letrozole (maganin da ke sa ƙwai ya fita), kwana 5 a farkon al'ada, ana bina da sikanin a ga ko ƙwan ya girma. Ina idar da asuba nake fita saboda goslo ɗin Oshodi, wata rana in dawo ina kuka a danfo. A zagaye na 4 ciki ya shiga, Alhamdulillah.

Kar ki je kemis ki sayi Clomid (shi ma maganin sa ƙwai ya fita ne) da kanki don wata ta sha ta dace, yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Kuma abin gwajin fitar ƙwai na fitsarin nan yakan yaudari masu PCOS, ya nuna layi biyu alhali ba komai.

Da cikin ya kai wata 5 faibroid ɗin ya tayar min da ciwo har aka kwantar da ni kwana 3, amma yarinyar lafiya lau, yanzu shekararta 2. Ki ɗauki takardar sikanin ɗinki ki kai wa likitan mata, LUTH ko asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja duk wanda ya fi miki kusa, ki tambaye shi ƙarara a ina faibroid ɗin yake, ya taɓa cikin mahaifa ko bai taɓa ba. In kin dawo ki faɗa mana me ya ce, ina saka ki a addu'a.