Ta yaya makaho zai karanta zanen farashin albasa?

Oga, manhajar da muke haɗa wa 'yan albasar Goronyo duk zane ce: kore idan farashi ya hau, ja idan ya sauka. Ka ce in gyara ta don makafi. To, ta yaya makaho zai ga zane?

Yarona, ba gani zai yi ba, ji zai yi. A wayar Android manhajar TalkBack ke karanta masa allo da murya, a kwamfuta kuma NVDA, wadda kyauta ce. Rubutu kawai suke iya furtawa. Zanen da ka yi a kan canvas, wato filin da manhaja ke yin zane a kai, a wurinsu fanko ne, ko da ka kwana kana ƙawata shi.

Don haka lambobin da suka haifi zanen, ka zuba su a tebur na gaske a ƙarƙashinsa: rana, kasuwa, farashin buhu, kowane layi da kansa. Sama da zanen ka sa jimla ɗaya mai ba da labari, misali "farashin buhu ya hau kwana uku a jere". Kar ka rubuta "hoton jadawali", wannan bai gaya masa komai ba. Kowane maɓallin da hoto ne kawai, kamar na bincike, ka ba shi suna a contentDescription, wato gurbin da ake rubuta bayanin hoto a Android, in ba haka ba TalkBack zai ce masa maɓalli ne marar suna, sai ya yi ta lalube.

Kore da jan nan ma matsala ce, domin su ne launukan da masu matsalar bambance launi suka fi rikitawa. Haɗa su da kibiya sama ko ƙasa da kalmar "ya hau", "ya sauka". Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafukan intanet za su yi wa masu naƙasa sauƙi, ta ce hasken rubutu da na bayansa su bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1. Launin toka mai lambar #999999 a kan fari bai kai 3 bisa 1 ba, ɗauki #767676 da ya fi shi duhu. Wannan ko mai lafiyar ido zai gode maka idan ya tsaya a ranar Sakkwato ta watan Afrilu.

Girman maɓallai ya kai 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon Android), saboda mai rawar hannu. Rubutu kuma ya jure a ninka girmansa sau biyu ba tare da ya hau kan juna ba.

Gwaji na ƙarshe: kunna TalkBack, rufe idonka, ka nemo farashin jiya da yatsa kawai. Inda ka maƙale, rubuta shi a takarda ka kawo mini kafin La'asar.