Me ya sa masana'antu suka taru a jihar Ogun?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni yaron mota ne, tirelarmu tana ɗauko kayan masarufi daga kudu zuwa Kano da Gusau. Abinda ke ɗaure min kai shine kullum sai a ce lodin Legas ne amma in mun je sai na ga a Ogun muke lodi, ko Sango ko Agbara ko Shagamu. Don Allah ya girman jihar nan yake, mutum nawa ne cikinta, kuma me ta taka ta tara kamfanoni haka alhali namu na Kano da Kaduna sai rufewa suke?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kiyaye hanya. Abinda idonka ya gani ɗin nan shine rabin amsar, kaya da yawa da ake ce ma kayan Legas a Ogun ake yinsu, ofishin kamfanin ne kawai yake Ikeja ko Ikoyi.

Ka ɗauki taswira ka duba. Legas ita ce mafi ƙanƙanta a jihohin Najeriya, murabba'in kilomita wajen 3,500 ne, wani ɓangaren ma ruwa ne da fadama. Kudancinta teku, yammacinta Jamhuriyar Benin, toh arewa da gabas gaba ɗaya Ogun ce ta rungume ta, wato duk motar da za ta fita Legas ta nufi cikin Najeriya, ko arewa za ta ko ƙasar Ibo, dole ta taka Ogun, ba wata hanya. Ita kuwa Ogun ta kusa murabba'in kilomita 17,000, ta kusa ninka Legas sau biyar kenan, jihar Kano ta ɗan fi ta kaɗan. Janar Murtala ne ya ƙirƙire ta ranar 3 ga Fabrairun 1976 daga tsohuwar jihar Yamma, kwana goma kafin a kashe shi, Allah ya jiƙansa. Babban birninta Abeokuta, ƙananan hukumomi 20, ta arewa tana iyaka da Oyo da Osun, ta gabas da Ondo, ta yamma da Benin inda bodar Idiroko take. Kudancinta kurmi ne, damina kan kai wata bakwai zuwa takwas, in ka yi arewa wajen Imeko sai dajin ya fara buɗewa.

Batun yawan mutane, ƙidayar 2006 ta ba ta miliyan 3.75, lokacin Kano na da miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Daga nan ba a sake ƙidaya ba, duk lambar da ka ji yanzu kiyasi ne. Amma ko a waccan ƙidayar ƙananan hukumomi biyu da suka manne da Legas, Ifo da Ado-Odo/Ota, kowacce ta haura rabin miliyan, kaga tun lokacin jama'a gindin Legas suka taru. Yau in ka taso daga Berger da ke bakin Legas ka bi Arepo, Ibafo, Mowe ba za ka gane inda Legas ta ƙare ba, mutane ne da haya ta kore su daga Legas suka zo suka sayi fili, su kwana a Ogun da asuba su shiga Legas aiki. Asalin 'yan ƙasa Yarbawa ne, Egba a Abeokuta, Ijebu, Remo a Shagamu, Yewa wajen Ilaro, Awori a Ota, sai Egun a bakin boda. Namu ma ba baƙi ba ne a can, goro ne ya kai kakanninmu Sabon Shagamu, akwai gidajen da kaka da jika duk can aka haife su, ga kuma Kara ta bakin doguwar gada da ake sauke shanu da raguna, ita ma ƙasar Ogun ce ba Legas ba.

Toh me ta taka? Ni dai a ganina mafi yawa ba dabarar wata gwamnati ba ce, wurin da Allah ya ajiye ta ne. Mai kamfani yana son ya zama kusa da tashar jirgin ruwa ta Apapa da Tin Can saboda injinansa da sinadaransa a kwantena suke zuwa, yana son kusa da kasuwar Legas mai miliyoyin baki, amma fili a Legas ya yi tsada kuma ma babu shi, ga cunkoso, sai kawai ya tsallaka iyaka da 'yan kilomitoci ya samu hekta goma a dunƙule da kuɗin da ba zai saya masa ɗaya ba a Ikeja. Haka Agbara ta cika, nan Nestlé ke yin Milo da Maggi da Golden Morn, nan Unilever take, a 2011 Nestlé ta ƙara wata a Shagamu. Ota kuma nan aka fara yin Indomie a Najeriya, ga kamfanonin magani irinsu Fidson da May & Baker, ga na roba da fenti barkatai. A Igbesa akwai yankin ciniki mara haraji da aka kafa tare da 'yan lardin Guangdong na China.

Sai abinda ke ƙarƙashin ƙasa. Ogun tana kwance kan dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti, shi ya sa tun 1960 aka buɗe kamfanin siminti na Ewekoro, na Shagamu ya biyo baya a 1978, sannan a 2012 Dangote ya buɗe na Ibese kusa da Ilaro wanda yanzu ke iya fitar da tan miliyan 12 a shekara. Siminti kaya ne mai nauyi, ba a jigilar dutsen zuwa nesa, inda dutsen yake nan ake kafa inji, dalilin da ya sa Sakkwato da Ashaka ma suke da nasu kenan.

Amma wanda nake so ka riƙe da kyau shine gas, iskar gas nake nufi ba man gas da kuke zuba ma tirela ba. Bututu ya taso daga Escravos a jihar Delta ya zo yankin Legas, aka ja rassa zuwa Ota da Agbara da Shagamu, manyan kamfanoni da yawa a can ba su dogara da wutar NEPA ba, da gas suke kunna injinansu su yi wutarsu. Yanzu ka kwatanta da mai masaƙa a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, ko Kakuri a Kaduna inda aka kafa masaƙar KTL tun 1957, shi sai ya sayi baƙin mai ko dizal, ya biya kuɗin tirela ta jawo masa kwantena wajen kilomita 1,000 daga bakin teku in Kano ce, sannan ya fito kasuwa ya tarar da atamfar sumoga ta cika Kantin Kwari. Ta ina zai kai labari? Wallahi abin yana ci min rai, don ba hannu muka rasa ba kuma ba kasuwa muka rasa ba, masara da dawa da waken suyan da wasu kamfanonin Ogun ke sarrafawa ma daga gonakinmu ake lodinsu. Shi ya sa nake bibiyar bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, kilomita 614 daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, a wajena ya fi duk wani taron jawo masu zuba jari da gwamnoni ke yi a otal.

Kuɗin shiga kam tana samu, a 'yan shekarun nan alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna Legas da Ribas da Abuja ne kawai ke gabanta wajen harajin cikin gida. Noma ma bai mutu ba, rogo da garin Ijebu, shinkafar Ofada, koko, kiwon kaji, ga rinin adire na Abeokuta.

Sai dai kai da kake bin hanyoyin ka fi ni sanin yadda titin Atan zuwa Agbara ya daɗe yana cin taya da damina. Kuma tunda na san wataƙila wani ƙaninka zai ce zai bi ka ya nemi aiki, a gaya masa gaskiya, galibin aikin da wanda ba shi da takarda ko sana'a zai samu na lebura ne ta hannun 'yan kwangila, awa goma sha biyu a tsaye, ba fansho ba inshora. Wajen Ogijo da ake narka ƙarfen da 'yan gwangwan ke kaiwa da tsofaffin batura hayaƙin wurin ba na wasa ba ne, dalmar batir guba ce mai taruwa a jini kuma ta fi yi ma yara illa. In dole sai ya je, ya fara koyon walda ko wayarin ko tuƙin injin ɗaga kaya tukunna, ya tambayi wa zai riƙa biyansa, kamfanin ne ko ɗan kwangila, kuma kar ya kama ɗaki da iyali kusa da inda ake narka batir.