Kiwon kaji cikin unguwa a Damagaram: abin da ke kai mutum gaban mai unguwa

Malam, tambayarka ita ce kana son zuba kaji ashirin a gidan haya a Sabon Gari, ko sai ka samo takarda daga meri, wato ofishin magajin gari, kuma me za ka yi da maƙwabcin da ya fara ƙorafi tun kafin kajin su iso.

A aikace, kajin gida kamar goma ko ashirin babu mai zuwa ya ƙirga maka su, a Birni ne ko Zongo ko Garin Malam. Abin da ke jawo hukuma ƙarar maƙwabci ce. Tun 1993 Nijar ke da dokar tsabtar jama'a, wadda ta hana zuba ƙazanta da ruwan datti a kan hanya. Akwai kuma dokar kiwo ta 2004, mai maganar lafiyar dabbobi da sanar da annoba. In kiwon ya tashi daga na gida ya koma na kasuwa, kaji ɗari biyu ko uku, to ka fara zuwa ma'aikatar kiwo da merin da unguwarku ke ƙarƙashinta, cikin biyar ɗin da aka raba birnin, kafin ka sayi ko bulo ɗaya. Shawarata ma, irin wannan a kai shi bayan gari.

Tunda haya kake, izinin mai gida ne farko, kuma a yi shi gaban shaida. In tsakar gidan ta tarayya ce, sauran ƴan haya ma suna da ta cewa.

Rigima takan fara daga katanga. Kada ka jingina akurki da katangar da kuka haɗa da maƙwabci, balle ta ƙasa. Kaji na tonon gindinta, ruwan shansu na jiƙa ta, damina ɗaya sai ka ga ta fara zaizayewa. Ga kaska mai ɓuya cikin tsagar gini da rana, da dare ta fito ta sha jinin kaji, kuma ba ta san iyakar gidan kowa ba. Bar aƙalla mita ɗaya tsakani, ka nisanta shi da tagar ɗakin kwanan mutane da madafa da randunan ruwa. A shafe bangon akurkin da siminti don kada a bar tsaga.

Kaji ashirin da ba sa fita suna son fili mita biyu a mita uku, kada ya gaza haka. Bango ya tsaya iya gwiwa, sauran har sama ragar waya, don iska ta ratsa. Rufin kwano tsirara a watan Afrilu da Mayu tanda ce, kaji za su buɗe baki suna haki, ƙwai ya ragu, wasu su mutu da tsakar rana. Ɗora zana ko karan dawa a kansa. Da hunturu kuma a rataya buhu ta gefen gabas da arewa.

Wari daga danshi yake. Kashin kaza busasshe ba ya damun kowa, amma da ya jiƙe sai ya tashi da zarnin da ke yaji a ido. Shimfiɗa garin katako ko ɓawon gyaɗa busasshe, kaurin yatsu huɗu. Ɓawon da ya yi fumfuna a zubar, yana lalata musu huhu. Rataya mazubin ruwa daidai bayan kaza don kada su taka shi su kifar. Kowace kaza na shan kusan kwatan lita a rana, da zafi ya ninka, wato bido mai lita ashirin da biyar ba zai wuce kwana biyu zuwa uku ba a bazara. Wanda ya san yadda famfo ke ɗaukewa a garin nan ya sa wannan cikin lissafi tun yanzu. Wurin da ya jiƙe a kwashe shi ranar, kuma kada tarin kashi ya wuce mako a gida, don cikin zafi ƙuda na ƙyanƙyashewa ya girma a kwana bakwai zuwa goma. A ƙulle shi a buhu, masu lambu na nemansa. Zuba shi a lungu ko magudanar ruwa, nan ne doka za ta kama ka kai tsaye.

In ƙwan ci kake so, ba ka buƙatar zakara ko ɗaya, kaza na yin ƙwai ba shi. In ƴan tsaki kake so, zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Biyu a gida ɗaya gasar cara za su yi tun kafin kiran assalatu. Zabi kuwa ka haƙura da su cikin unguwa, kukansu ba ya yankewa, kuma katanga ba ta tare su.

Kazar da ke tsallakawa, a datse dogayen gashin fiffike ɗaya kawai da almakashi, sai ta kasa daidaita tashi. Barin su yawo shi ne ke kawo ɓarin tsaba a shanya da kashi a tabarmar salla, kuma ranar da aka sa wa ɓeraye guba a wani gida, asarar taka ce, ba ka da bakin ƙara. Abincin ma a rufe shi a tano mai murfi. Ashirin ɗin za su ci kusan tiya guda a rana, kada a bar saura ya kwana a ƙasa, gafiya za ta gano hanya.

Cutar da ke share kaji da sanyi, mai sa zawo kore da murɗewar wuya, tana da rigakafi. Allurar rigakafin, mai suna ITA-New, rabin mililita ce ga kowace kaza, a yi ta kafin hunturu ya shigo, a maimaita bayan wata shida, kuma ga masu lafiya kaɗai. Kazar da ka sayo a kasuwar Dole a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran.

Mushe kada a jefa shi bola, kare da yara za su ja shi. A binne da zurfi, in wurin dutse ne a ƙone. In kuwa kaji suka zube da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ka yanka, kada ka kai kasuwa, ka sanar da likitan dabbobi. A Magariya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar, cikin Fabrairu 2006, kuma sai da aka karkashe kajin yankin.

Shi maƙwabcin naka, kira shi ya ga inda za ka kafa akurkin tun ba ka kafa ba. In ya ce ya yi kusa da tagarsa, matsar. In ya ƙi sauraro, kai ka riga shi zuwa wurin mai unguwa, a zo a duba wurin, a tsayar da nisa da yawan kajin a gaban shaidu.