Harajin gidan da aka kulle: zai sauƙaƙa haya a Maraɗi?

Tambaya: A layinmu na unguwar Zariya akwai gidaje da aka gama ginawa aka garƙame, alhali magidanta na ta yawon neman haya. Shin da hukuma za ta ɗora wa irin waɗannan gidaje lanho na musamman, kuɗin haya zai sauka? Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malam, wasu ƙasashe sun riga sun gwada wannan dabara. Faransa ta fara karɓar harajin gidajen da ba kowa a 1999 a manyan biranenta, kuma daga 2023 mai gida yana biyan kashi 17 cikin 100 na ƙimar hayar gidan a shekarar farko, sannan kashi 34 a shekarun da ke biye. Birnin Vancouver na Kanada ya soma nasa a 2017 da kashi 1 cikin 100 na darajar gida, ya kai shi kashi 3 a 2021, kuma wajibi ne mai gida ya bayyana wa hukuma kowace shekara ko akwai mai zama a ciki. Manufar ita ce kulle gida ya zama asara, har mai shi ya gwammace ya zuba 'yan haya ko ya sayar.

Sai dai waɗannan birane sun san mai kowane gida da darajarsa a rubuce. A nan kuwa, gida nawa ne har yanzu takardarsa ke ɗauke da sunan kakan da ya rasu, magada ba su raba gado ba? Wani kuma na ɗan kasuwa ne da ke Kano ko Kwatano, yana zuwa da iyalinsa lokacin salla. Kafin a yi maganar lanho, sai ma'aikatar magajin gari ta ƙidaya gidajen, ta ware na gado da na matafiya.

A ganina ma, abin da ya fi cin wuri a Maraɗi shi ne filayen da aka zagaye da katanga aka sa ƙofar ƙarfe, da gine-ginen da suka tsaya a linta shekara da shekaru, ana jiran ƙasa ta yi tsada. Harajin da ya dace ya fara da su, bayan an ba mai fili wa'adin ginawa, domin wanda kuɗin siminti ya yanke masa daban yake da mai filaye goma. Ko an yi hakan, haya ba za ta sauka nan take ba, tunda fili sai an gina shi kafin a shiga.